Tarihin Itatuwan Maganin Shawara da Ciwon Hanta a Ƙasar Ruma: Nazari a Kan Batsari da Safana

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san yammacin ƙasar Katsina ya san cewa tarihin Batsari da Safana ba ya rabuwa da tarihin dajin da ke yamma da su, watau Dajin Rugu, wanda ya miƙe daga wajajen Jibiya ya bi ta Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya haɗe da dazuzzukan Zamfara. Masana tarihi sun yi magana a kan wannan daji ta fuskar yaƙi da kiwo da farauta, amma ba a cika duba shi ta fuskar magani ba, alhali kuwa shekaru aru-aru daga cikinsa ne ake samo saiwoyi da sassaƙe da ganyayen da jama'a ke dogara da su in ciwo ya kama su.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin wani yanki ɗaya na wannan ilmi, watau itatuwan da ake maganin shawara da ciwon hanta da su. Za mu fara da yadda dajin ya samu, sa'an nan mu duba yadda Bahaushe ya fahimci hanta da cututtukanta, da irin itatuwan da ya zaɓa. Daga nan za mu ga yadda ilmin ya shiga rubutu, da yadda masana kimiyya suka tace sinadaran da ke cikin waɗannan itatuwa, da iyakar abin da gwaje-gwajensu suka nuna.

Abin da ya sa muka ga wannan magana ta cancanci a kawo ta gaban wannan taro shi ne, binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na mutanen da ke tsakanin shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Da yawa daga cikinsu, musamman a karkara, mai magani na gargajiya suke fara nema. Saboda haka sanin abin da waɗannan itatuwa za su iya yi, da abin da ba za su iya ba, magana ce ta rai da mutuwa.

2.0 Ƙasar Ruma da Asalin Dajinta

Kafin jihadi ƙasar Ruma cike take da garuruwa masu ganuwa, kuma ta cikinta hanyoyin fatake suka ratsa tsakanin Katsina da Zamfara. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, zuriyar sarakunan da aka kora ta kafa zamanta a Maraɗi, ƙasar Ruma kuwa ta zama fagen da mayaƙan ɓangarorin biyu ke kai da komowa. A zamanin Sarkin Katsina Siddiƙu, wanda aka tuɓe a 1844, garuruwan yankin da dama suka goyi bayan Maraɗi, aka murƙushe su, mutanensu suka watse. Gonakin da aka bari itatuwa suka cinye su. Lokacin da Heinrich Barth ya bar Katsina zuwa Sakkwato a watan Maris na 1853, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka, sa'an nan ayarinsu ya ratsa daji zuwa wajajen Zurmi cikin fargabar rundunar Gobirawa. Ita Zakka ɗin tana cikin ƙaramar hukumar Safana ta yau.

Abin lura a nan shi ne, babban sashen wannan daji yaƙi ne ya haife shi. Inda manomi ya gudu, nan marke da maɗaci da hano da kirya da tawatsa suka samu sararin girma, maharba da makiyaya da masu haƙar saiwa kuwa suka zama su ne masu shiga da fita. Har ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da sunan jarumi Ɗanwaire ya cika yankin, dajin bai daina zama mafakar mayaƙa ba.

Bayan da Turawa suka karɓi Katsina a 1903, hare-hare suka lafa, mutane suka riƙa komawa suna sāre daji suna kafa ƙauyuka. Aka tsara gundumomi, Sarkin Ruma yana riƙe da Batsari, Yariman Katsina yana riƙe da Safana. Hukuma ta keɓe wani babban sashe a matsayin gandun daji, wanda aka sani da Ruma-Kukar Jangarai, a cikin shekarun 1960 kuma aka shirya shi domin kiwo, da cibiya a Runka. Ta haka dajin ya zama na hukuma a takarda, amma a aikace ya ci gaba da zama rumbun maganin talaka.

3.0 Hanta da Shawara a Tunanin Bahaushe

Bahaushe ya san hanta tun daga mahauta. Ya san inda take, ya san maɗaciya ko matsarmama tana manne da ita, ya kuma san lafiyayyar hanta daga wadda ta lalace, domin mahauci ba ya rasa ganin tsutsa a hantar saniyar da ta yi kiwon fadama. A cikin maganarsa ma ya ba ta matsayi babba. In abota ta yi ƙarfi sai a ce su wane kamar hanta da jini, in tsoro ya kai matuƙa sai a ce hantar cikinsa ta kaɗa.

Amma game da cutar ɗan Adam, sunan da aka fi sani tun dā shi ne shawara. Ana gane ta da ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi ja, jiki ya mutu, abinci ya fita daga rai. Masu magani suna rarrabe ta, har suna da wadda suke kira farar shawara, inda ido da tafin hannu ke yin fari fat. Ana ɗaukar cewa wani abu ne ya taru a ciki wanda dole a fitar da shi ta fitsari ko bayan gida ko gumi, shi ya sa magungunanta suka fi karkata ga masu wanke ciki da masu sa fitsari, ana kuma hana majinyaci mai da kitse.

Ilmin likitanci ya bayyana cewa jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kamar kwana 120, in sun mutu sai a samu wani launi rawaya da ake kira bilirubin, wanda hanta ke tacewa ta zuba a maɗaciya. Wannan launi yana taruwa a jiki ta hanya uku. Ko dai jinin ne ke fashewa da yawa har ya fi ƙarfin hanta, kamar a zazzaɓin cizon sauro da amosanin jini. Ko ita hantar ce ta kamu, kamar a ciwon hanta nau'in A da B da C da E da kuma zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa. Ko kuwa hanyar da ruwan maɗaciya ke bi ce ta toshe. Ke nan kalmar shawara suna ce ta alama, ƙarƙashinta kuwa akwai cututtuka da yawa waɗanda asalinsu da makomarsu suka sha bamban. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin duk abin da za mu faɗa nan gaba.

4.0 Masu Magani da Itatuwansu

Ilmin itatuwa bai taɓa zama a hannun mutum ɗaya ba. Akwai boka, akwai ɗan magori mai yawo kasuwa-kasuwa, akwai 'yar mai ganye, akwai ungozoma mai haɗa daurin jarirai, akwai wanzami, akwai maharbi wanda ya fi kowa sanin inda kowane itace yake, sa'an nan ga Fulani makiyaya waɗanda suka san maganin mutum da na dabba. Yawanci gado ake yi, ɗa ya bi ubansa daji, 'ya ta zauna kusa da kakarta. Hanyoyin haɗawa kuwa su ne jiƙo da tsimi da dafawa da dakawa a sha a kunu ko fura, da surace da wanka.

A kan gaba cikin itatuwan shawara akwai rawaya, wadda wasu ke kira balge ko balagande, masana tsirrai kuma suke kira Cochlospermum tinctorium. Ƙaramar tsiro ce mai kaurin saiwa. Da rani, musamman bayan gobarar daji, takan fid da fure rawaya dab da ƙasa tun ganye bai fito ba. Saiwar ake haƙowa a shanya a daka, garin kuwa ana rini da shi, ana zuba shi a miya domin launi, ana kuma jiƙa shi a ba mai shawara. Bayanta akwai marke, watau Anogeissus leiocarpa, wanda marina ma ke samun launi rawaya daga ganyensa. Da tafashiya, watau Nauclea latifolia, mai saiwa rawaya mai ɗaci, wadda ta fi son bakin rafi. Da maɗaci, watau Khaya senegalensis. Da geza, watau Combretum micranthum, wadda ke cike da fako da tsaunuka. Da sabara, watau Guiera senegalensis. Da tawatsa, watau Entada africana. Da hano da aduwa da runhu da rai-ɗore. Daga baya darbejiya, wadda Katsinawa ke kira bedi, ta shigo cikin jerin, bayan da aka kawo ta Arewa ta hanyar Barno wajen 1928.

In muka dubi wannan jeri za mu ga ƙa'ida biyu. Ta farko ita ce launi: cutar da ke mai da ido rawaya ana nema mata itace mai ba da ruwa rawaya. Ta biyu ita ce ɗaci, kuma harshen kansa ya nuna haka, tun da maɗaci da maɗaciya tushensu ɗaya. Wannan tunani ba na Hausawa kaɗai ba ne, domin masu maganin Turai na ƙarni na 16 su ma sun yi imani kamannin tsiro yana nuna cutar da yake warkarwa. Sai dai bai kamata mu tsaya a nan ba. Itatuwa masu ba da launi rawaya suna da yawa a daji, amma kaɗan ne suka tabbata a hannun masu magani tun daga Senegal har Chadi. A ganinmu launi ne ya ja hankali da fari, sa'an nan gwaji na tsawon zamani ya tace, ya riƙe wasu ya zubar da wasu.

5.0 Shigar Ilmin Cikin Rubutu

Rubutu a kan magani a ƙasar Hausa ya girmi zuwan Turawa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalih al-Insan, inda ya haɗa gyaran addini da lafiyar jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta risaloli a kan basir da ciwon ido da kuma ganyen sana, dangin filasko, wanda ake wanke ciki da shi. Malam Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a ƙasar Zamfara maƙwabciyar Ruma, shi ma ya yi rubutu a wannan fanni. Waɗannan ayyuka sun jingina ƙwarai da littattafan Larabawa da Ɗibbun Nabiyyi, saboda haka ilmin maharbi da na 'yar mai ganye ya ci gaba da zama a ka, ana miƙa shi baki da baki.

Wanda ya fara tattara sunayen itatuwan Hausa da yawa a wuri ɗaya tare da sunayensu na kimiyya shi ne Dokta J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa tun daga 1905. A 1916 ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, inda ya ambaci amfanin rawaya wajen shawara. Da sunansa aka raɗa wa hano sunan Boswellia dalzielii. Ya kamata mu tuna cewa abin da ya rubuta daga bakin mutanen ƙasa ya ji shi, ko da yake sunayensu ba su shiga littafi ba. A ɓangaren Faransa kuwa, tun 1891 Edouard Heckel na Marsel ya yi rubutu a kan geza, wadda ake kira kinkeliba a Senegal da Gini, a 1937 kuma aka shigar da ita cikin kundin magungunan Faransa.

Bayan samun mulkin kai aikin ya ƙara faɗi. A 1968 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kira taro a Dakar a kan tsirran magani. A 1972 Adam da Echard da Lescot suka buga nazari a kan tsirran maganin Hausawan Adar a Nijar. A 1978 taron Alma-Ata ya amince a jawo masu maganin gargajiya cikin kiwon lafiya matakin farko. A 1988 Lewis Wall ya buga littafinsa a kan maganin Hausawa bisa binciken da ya yi a ƙasar Malumfashi, a 1995 kuma Aliyu Muhammad Bunza ya kammala kundin digirinsa na uku a Jami'ar Bayero a kan magungunan Hausa da ke rubuce. A 2018 S. S. Kankara da abokan aikinsa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suka buga bincike a kan tsirran da ake maganin cututtukan hanta da su a Jihar Katsina.

6.0 Zamanin Ɗakin Gwaji

Neman sinadaran da ke kare hanta ya samu ƙarfi a 1968, lokacin da Wagner da abokansa a Munik ta Jamus suka tace silimarin daga 'ya'yan wata ƙaya ta Turai mai suna Silybum marianum. Daga nan silimarin ya zama ma'aunin da ake gwada sauran tsirrai da shi. Hanyar gwajin kuwa ga yadda take. Ana ba ɓera wata guba, yawanci kabon-tetrakulorayid. Hanta tana da wasu inzayim masu sarrafa baƙin abubuwa, su ne ke juya wannan guba ta koma ɓurɓushi masu ƙona kitsen da ke jikin bangon ƙwayoyin hanta. In bangon ya fashe sai abin da ke ciki ya tsiyaye cikin jini, a auna shi a san girman ɓarnar. In an ba wani rukunin ɓeraye ruwan tsiro kafin gubar, aka ga ɓarnar ta ragu, sai a ce tsiron yana kare hanta.

A 1987 Diallo da Vanhaelen na Burasal a Beljiyam, tare da Kiso da Hikino na Jami'ar Tohoku a Japan, suka gwada saiwar rawaya a kan ƙwayoyin hantar ɓera da aka raya a kwano, suka tarar tana rage ɓarnar guba. Cikin sinadaran da aka samu a saiwar akwai asid na galik da na elajik da dangin tanin, da kuma masu ba ta launinta, waɗanda aka raɗa wa suna kokuloksantin. A 1995 Aliyu da Okoye na Jami'ar Jos, tare da Shier na Amurka, suka binciki 'yar'uwarta, Cochlospermum planchonii, suka tarar abin da ke aikin a cikinta wani gishirin zinki ne da ke rage kuzarin inzayim ɗin nan masu juya guba. Wannan sakamako yana da darasi, domin ya nuna tsirrai biyu da jama'a ke kira da suna ɗaya suna iya aiki ta hanyoyi daban.

Sauran itatuwan ma an tace su. Marke yana da tanin da asid na elajik. Ganyen geza yana da dangin filabonoyid irin su biteksin da oriyentin. Sabara tana da haɗe-haɗen asid na galik da alkaloyid mai suna harman. Ɗacin maɗaci daga dangin limonoyid yake, tafashiya tana da alkaloyid mai suna istiriktosamayid, aduwa kuwa tana da saponin. Yawancin masu dangantaka da galik da filabonoyid aikinsu ɗaya ne, watau kama ɓurɓushin nan masu ƙona bangon ƙwayar halitta kafin su yi ɓarna.

Maƙwabtanmu sun wuce matakin gwaji zuwa sarrafawa. A Mali, sashen maganin gargajiya na Bamako ya fitar da Hepatisane daga ganyen geza, da Samanere daga saiwar tawatsa, an auna su an ƙunshe su da bayanin yadda za a sha. A Banfora ta Burkina Faso, Dokta Zephirin Dakuyo ya haɗa shayin Saye, wanda ya ƙunshi saiwar 'yar'uwar rawaya da wasu tsirrai biyu. Kalmar saye a harshen Jula ma'anarta shawara. Duk waɗannan itatuwa ne da ɗan Batsari ko ɗan Safana ya sani tun yana yaro.

7.0 Iyakar Abin da Gwaji Ya Nuna

A nan ne ya wajaba mu yi taka-tsantsan, domin sau da yawa akan ji mai talla a kasuwa ko a rediyo yana cewa bincike ya tabbatar da maganinsa. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a sani.

Na farko, gwajin da muka bayyana gwajin guba ne a jikin ɓera ko a kwano. Abin da ya fi kashe mutanenmu kuwa ƙwayar cuta ce. A 1965 Baruch Blumberg ya ba da rahoton alamar da ta kai ga gano ƙwayar nau'in B, a 1977 Fakunle da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello suka buga rahoto a kan sankarar hanta a Zariya da kewayenta, a 1981 kuma Beasley ya nuna a Taiwan, cikin maza 22,707, cewa mai ɗauke da ƙwayar ya fi wanda ba ya ɗauke da ita haɗarin sankara nesa ba kusa ba. Tsiron da ya kare hanta daga guba bai zama lalle ya kashe ƙwayar cuta ba. Shi kansa silimarin, da aka gwada shi a kan masu nau'in C a Amurka, rahoton 2012 ya nuna bai fi maganin bogi da aka kwatanta shi da shi ba.

Na biyu, shawarar da nau'in A da E ke kawowa takan wuce da kanta cikin makonni ga yawancin mutane, haka nan kusan kashi 95 cikin ɗari na manyan da suka kamu da nau'in B jikinsu kan kawar da ita. Saboda haka duk abin da majinyaci ya sha a wannan lokaci shi zai samu yabo. Amma jaririn da ya kamu tun haihuwa, kusan tara cikin goma ƙwayar takan zauna masa, ta yi shekaru ba alama, sai ciki ya kumbura ko an fara aman jini. Washewar ido ba ita ce warkewar hanta ba.

Na uku, wasu daga cikin itatuwan suna da dafi. A 2007 likitoci a yammacin Uttar Pradesh ta Indiya suka danganta mutuwar yara da dama, wadda ta haɗa da lalacewar hanta, da cin 'ya'yan rai-ɗore. A 1981 an ba da rahoton gubar man darbejiya ga jarirai a Malesiya. Jiƙon da ba a auna ba, in ya shiga hantar da ta riga ta raunana, yana iya ƙara mata nauyi.

Na huɗu, akwai maƙiyin hanta a cikin rumbunmu. A 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin ƙulin gyaɗa daga Barazil, binciken da ya biyo baya ya gano afalatoksin, gubar da fumfuna ke fitarwa. A cikin shekarun 1960 McDonald da Harkness suka nazarci yadda take kama gyaɗar Arewa. In wannan guba ta haɗu da ƙwayar nau'in B haɗarin sankara yakan ninka. Garin saiwar da aka ajiye a wuri mai laima shi ma fumfuna na iya kama shi.

Abin da ya canza tarihin ciwon hanta shi ne rigakafi. Nijeriya ta shigar da allurar nau'in B cikin rigakafin yara a 2004, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Akwai magungunan da ke danne nau'in B, irin su tenofobir, tun daga 2014 kuma ana warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu nau'in C cikin kamar mako 12. Ungozoma da wanzami, waɗanda su ne ke fara taɓa jariri a ƙauye, suna da babban rabo a wannan aiki, ta hanyar tura uwa asibiti da wuri da kuma ƙin amfani da aska ɗaya ga mutum biyu ba tare da an dafa ta ba.

8.0 Halin da Daji Ya Shiga

Fārin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985, da faɗaɗar gonaki, da saran itacen wuta da gawayi, sun rage manyan itatuwan Rugu ƙwarai. Yadda ake ɗibar maganin ma ya ƙara, domin rawaya da tafashiya da tawatsa saiwarsu ake haƙa, maɗaci da hano kuwa in aka zagaye su da sassaƙa sai su bushe.

Sa'an nan ga rashin tsaro. Tun cikin shekarun 2010 dajin ya koma mafakar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari. A 2021 gwamnatin jiha ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana da wasu, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Ƙauyuka da yawa sun tashi. Tarihin zamanin Siddiƙu ya so ya maimaita kansa, sai dai da bambanci ɗaya: a wancan karo mutane sun gudu itatuwa sun dawo, a wannan karo kuwa an yi asarar duka biyu. Dattijon da ya yi gudun hijira zuwa cikin gari ba shi da inda zai nuna wa jikansa rawaya tana fure, kuma ilmin da ake koyo da ido da ƙafa ba ya daɗewa in an raba shi da dajinsa.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 suka samar da dajin da ya zama rumbun magani, da yadda Bahaushe ya zaɓi itatuwan shawara bisa launi da ɗaci da doguwar jarrabawa, da yadda ɗakin gwaji ya tabbatar da cewa a cikin rawaya da geza da marke akwai sinadarai masu kare ƙwayoyin hanta daga guba. Mun kuma ga cewa wannan bai kai a ce suna warkar da nau'in B ko C ba. Wanda ya raina ilmin kakanni ya yi kuskure, wanda ya ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba shi ma ya yi kuskure, kuma kuskuren na biyu yakan ci rai.

Bisa ga haka muna ba da shawarwari kamar haka. Sassan Hausa da na nazarin halittu a Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Katsina su haɗa hannu su tura ɗalibai wurin dattawan da suka baro ƙauyukan Ruma da Runka, a rubuta sunayen itatuwa da yadda ake haɗa su, tare da sunan wanda ya ba da bayanin in ya yarda. Jami'o'in jihar su kafa lambunan rawaya da tafashiya da tawatsa domin a rage haƙa a daji. Masu magani su riƙa tura duk mai shawara gwajin jini kafin su ba shi jiƙo, su kuma guji ba jariri da mai ciki abin da ba a auna ba. Hukumomin lafiya kuwa su ɗauki ungozoma da wanzami abokan aiki wajen allurar ranar haihuwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a kan hanta kuwa tarihin da muka bi ya gaskata su.